Mudun Kasuwa da Bagaden Ubangiji

Karatu: Amos 2:6-8, 5:10-24, 8:4-7

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe wajen littafin annabi Amos, yana nan tsakanin Yowel da Obadiya.

Idan aka ce annabi, yawancinmu abin da ke zuwa mana a rai shi ne mutumin da yake faɗin abin da zai faru nan gaba. Gaskiya ne, annabawa sun yi faɗin zuwan Almasihu da ranar shari'a. Amma duk wanda ya zauna ya karanta littattafansu sura bayan sura zai ga cewa sun fi daɗewa a kan abin da yake faruwa a gabansu. Sun yi maganar mudu da ma'auni, bashi da jingina, gona da gado, alƙali da shaidar zur, hakkin ɗan ƙwadago, kukan gwauruwa da maraya. Tambayarmu ta yau ita ce: me ya kai mutanen Allah cikin kasuwa da kotu? Ina ruwan bagade da mudu?

Wane ne Amos?

Amos mutumin Tekowa ne, wani ƙaramin gari kudu da Baitalami a ƙasar Yahuza. Da bakinsa ya ce bai yi gadon annabci ba, bai kuma fito daga ƙungiyar annabawa ba. Sana'arsa kiwo ce da lura da itatuwan ɓaure, irin ɓauren nan da muka sani a ƙasarmu. Daga bayan garke Ubangiji ya ɗauko shi, ya aike shi arewa, zuwa mulkin Isra'ila, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu.

A lokacin, Yerobowam ɗan Yowash ne yake sarauta a Samariya. Littafin Sarakuna na Biyu sura 14 ya gaya mana ya yi shekara 41 bisa gadon sarauta, ya kuma ƙwato yankunan da abokan gaba suka cinye. Ƙasa ta sami sauƙin yaƙi, ciniki ya buɗe, dukiya ta shigo. Manya suka gina gidaje da sassaƙaƙƙun duwatsu, suna da gidan da suke zama lokacin sanyi da wanda suke zama lokacin zafi, suna kwana a gadajen da aka yi wa ado da hauren giwa. Wannan ba ƙari ba ne irin na mai wa'azi. Masu tonon tarihi da suka yi aiki a kufan Samariya tsakanin 1931 da 1935 sun tono gutsattsarin hauren giwa masu ɗimbin yawa, sassaƙaƙƙu da gwaninta.

Wuraren sujada kuma a cike suke. A Betel da Gilgal ana miƙa hadaya kowace safiya, ana kawo zakka, ana shelar baikon yardar rai, ana waƙa da molaye. Duk wanda ya duba da ido zai ce Allah ya sa wa ƙasar nan albarka. Cikin wannan hali ne makiyayin nan ya iso.

Yadda ya fara wa'azinsa

Ku duba sura 1 da 2, ku ga hikimar da Ubangiji ya ba shi. Bai fara da Isra'ila ba. Ya fara da Dimashƙu, wadda ta tattake mutanen Gileyad kamar ana sussukar hatsi. Ya wuce Gaza da Taya, waɗanda suka kwashe garuruwa ɗungum suka sayar da su bayi. Ya ambaci Edom da fushinta marar ƙarewa, da Ammon wadda ta farke mata masu ciki domin ta faɗaɗa iyakarta, da Mowab. Muna iya jin yadda taron yake cewa amin, gama waɗannan duk abokan gabansu ne. Da ya kai kan Yahuza, ƙasarsa ta haihuwa, wataƙila ma sun ce lalle mutumin nan mai gaskiya ne, ko nasa bai bari ba. Ƙasashe bakwai ke nan, sai a ɗauka wa'azi ya ƙare. Sai ga ta takwas, ita ce kuwa Isra'ila, kuma maganarta ta fi ta kowa tsawo.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna son annabawa sa'ad da suke magana a kan gwamnati, ko 'yan siyasa, ko wata kabila, ko mutanen wani addini. Amos kuwa ya sa yatsa a kan mutanen alkawari, masu zuwa sujada. A sura 3 ma ya nuna musu cewa zaɓen da Allah ya yi musu daga cikin dukan al'ummai shi ne dalilin da zai sa ya tuhume su.

Abin lura kuma shi ne irin laifin da aka lissafa musu. Na sauran al'ummai laifin yaƙi ne, na takobi da wuta. Na Isra'ila laifin zaman lafiya ne, wanda ake yi da rana tsaka, da takarda da shaidu. Ana sayar da mutumin kirki saboda bashin azurfa, ana bautar da matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. A ma'aunin Allah, wannan ya hau sahu ɗaya da kisan yaƙi.

Riga, ƙofar gari, da mudu

Bari mu ɗauki abubuwa uku daga cikin ƙarar da Amos ya kawo.

Na fari, rigar jingina. Shari'ar Musa, a Fitowa sura 22, ta yarda mai ba da bashi ya karɓi mayafin matalauci jingina, amma dole ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi yake rufa da dare. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama wanda ya ɗauke dutsen niƙa ya ɗauke abincin gida. Amos ya ce mutanen zamaninsa suna riƙe tufafin nan, har suna shimfiɗa su kusa da bagade su kishingiɗa a kai lokacin idi, suna shan ruwan inabin da aka saya da kuɗin tarar da aka ci talakawa. Mai riga yana rawar ɗari a gida, rigarsa tana wurin sujada ƙarƙashin wani.

A shekara ta 1960 an tono wani katanga a wani tsohon kagara kusa da Yabne-Yam, bakin Bahar Rum, da rubutun Ibrananci a kansa. Masana sun ce daga zamanin sarki Yosiya ne, fiye da shekara ɗari bayan Amos. Ƙarar wani ɗan ƙwadago ce mai girbi, yana roƙon shugaban wurin a mayar masa da rigarsa da aka ƙwace, yana cewa ya gama aikinsa, abokan girbinsa kuma za su shaide shi. Mutanen da annabawa suka tsaya dominsu ke nan, masu jini da nama kamar mu.

Na biyu, ƙofar gari. A Isra'ila, ƙofar gari ita ce kotu. Nan dattawa suke zama su ji ƙara. A sura 5 Amos ya ce an kai ga ana ƙin jinin mai faɗin gaskiya a wurin, ana cin hanci, ana korar matalauci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Har ya zama mai hankali yakan kama bakinsa domin zamanin ya ɓaci. Idan talaka ya rasa gaskiyarsa a kasuwa yana da kotu. Idan kotun ta lalace, ina zai nufa?

Na uku, mudu. A sura 8 muna jin 'yan kasuwa suna ƙosawa da ranar Asabar da tsayawar wata, suna alla-alla sujada ta ƙare su buɗe rumbunansu. Ku lura, ba su karya Asabar ba. Sun kulle shago, sun zo sujada, amma zuciyarsu tana kan ciniki. A zamanin nan ba a fara buga tsabar kuɗi ba tukuna, auna azurfa ake yi a ma'auni. Saboda haka ɗan kasuwa yana da hanyar cuta biyu. Yakan rage girman mudun da yake auna wa mai saye hatsi, ya kuma ƙara nauyin dutsen da yake auna azurfar da za a biya shi. Bayan haka ya haɗa da sharar alkama da ƙaiƙayi ya sayar. Talaka ya biya da yawa, ya karɓi kaɗan, kaɗan ɗin ma da algus. Ubangiji kuwa ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba.

Sujadar da Allah ya ƙi

Yanzu mun zo ga wurin da ya fi tsanani. A ƙarshen sura 5, Allah ya ce ya tsani idodinsu, ba ya jin daɗin tarurrukansu, ba zai dubi hadayunsu ba, su kuma kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu. Wane ne ya umarci hadaya da idi? Ai shi ne da kansa. Amma hannun da ya rage mudu ranar kasuwa shi ne ya kawo rago ranar idi, Allah kuwa ba ya raba hannun gida biyu.

Abin da ya nema a maimako shi ne kalmomi biyu da suke tafiya tare a bakin annabawa. A Ibrananci ana ce da su mishfat da tsedaƙa. Mishfat shi ne yanke shari'a daidai, a ba kowa hakkinsa. Tsedaƙa ita ce zaman gaskiya tsakanin mutum da Allah da kuma maƙwabcinsa. Kalmar nan 'yar'uwar kalmar Larabci ce wadda muka samo sadaka daga gare ta. Amma a wurinmu sadaka ita ce abin da mutum ya ga dama ya bayar daga rarar da yake da ita. A bakin Amos kuwa, abu ne da ake bin ka. Mutum yana iya raba shinkafa ga gwauraye ranar Kirsimati, alhali gonar gwauruwar ɗan'uwansa tana hannunsa. Ya yi sadaka, amma bai yi adalci ba.

Amos ya kwatanta adalcin da Allah yake so da rafi mai ruwa kullum. A ƙasarsa, kamar a tamu, akwai rafuffukan da suke cika su yi ambaliya da damina, da rani kuwa sai yashi. Makiyayi ya san bambancinsu sarai, gama ran garkensa ya dogara ga ruwan da ba ya yankewa. Adalcin da yake zuwa lokacin taron farkawa kaɗai, ko lokacin da baƙi suke kallo, rafin damina ne.

Ba Amos kaɗai ba

Kada wani ya ce wannan zafin ran mutum ɗaya ne. Tun kafin Amos, annabi Natan ya shiga fada ya ba sarki Dawuda labarin mai arziki da ya yanka 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, sa'an nan ya nuna masa shi ne mutumin, saboda abin da ya yi wa Uriya. Iliya ya tari sarki Ahab a cikin gonar inabin Nabot. Nabot ya ƙi sayar da gadon kakanninsa, gama Littafin Firistoci sura 25 ya ce ƙasa ta Ubangiji ce, ba a sayar da ita har abada. Yezebel ta sa aka yi shelar azumi, aka kawo shaidun zur biyu, aka jajjefe shi. An yi amfani da addini da kotu aka ci gonar talaka.

Ishaya ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba sauran wuri ga kowa, da masu rubuta dokokin zalunci. A sura 58 ta littafinsa an tuhumi masu azumi da suke matsa wa ma'aikatansu a ranar azumin. Mika, mutumin ƙauyen Moreshet, ya yi maganar masu kwana suna ƙulla yadda za su ƙwace gonaki, da shugabanni masu shari'a don toshiyar baki, da firistoci da annabawa masu aiki don kuɗi. Irmiya, a sura 22, ya fuskanci sarki Yehoyakim wanda ya gina fada da katakon al'ul, ya sa mutane aiki bai biya su ba. Ya tuna masa da ubansa Yosiya wanda ya bi wa matalauci hakkinsa, ya ce yin haka shi ne sanin Ubangiji.

Dukansu ba su kawo sabuwar koyarwa ba. Alkawarin da aka riga aka yi a Sina'i suke tunasar da jama'a. Allah ya fanshi Isra'ila daga bauta a Masar, saboda haka ba ya yarda wanda aka fansa ya mai da ɗan'uwansa bawa. Shi ya sa shari'a ta ce a bar kala a gona domin matalauci da baƙo, a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, a yafe bashi a shekara ta bakwai, kada kuma a sami mudu iri biyu a gida ɗaya.

Annabawa ba su ƙi mai arziki don arzikinsa ba. Ibrahim da Ayuba da Bo'aza masu dukiya ne, Allah kuwa ya yarda da su. Tambayar da ake yi wa dukiya ita ce ta wace hanya ta shigo, wa kuma ya yi kuka kafin ta shigo.

Firist da annabi

A sura 7 mun sadu da Amaziya, firist na Betel. Ya aika wa sarki cewa Amos yana ƙulla makirci, ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganarsa ba. Sa'an nan ya ce wa Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, domin Betel wurin sujadar sarki ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amaziya yana cin abincin fada, don haka bakinsa ya mutu. Wannan gargaɗi ne a gare mu da muke tsayawa a gaban jama'a. Idan wanda ya ba da babban baiko ranar gidauniya shi ne yake riƙe albashin ma'aikatansa, za mu iya gaya masa gaskiya, ko za mu ba shi kujerar gaba mu yi shiru?

Amma a cikin surar nan kuma mun ga zuciyar Amos. Sau biyu Ubangiji ya nuna masa masifa, ta fara da ta wuta, sau biyu kuma ya roƙa a ji tausayin Yakubu domin shi ƙarami ne. Mai tsawatawa a fili, mai roƙo ne a ɓoye. Duk wanda yake jin daɗin tonon asirin mutane amma bai taɓa yin kuka dominsu a gaban Allah ba, bai bi sawun annabawa ba.

Isra'ila ba ta ji ba. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanenta. Tsakanin wa'azin Amos da wannan rana bai wuce kimanin shekara 40 ba. A Yahuza kuwa, Irmiya sura 26 ta gaya mana cewa da sarki Hezekiya ya ji maganar Mika, ya ji tsoron Ubangiji ya nemi jinƙansa, aka kuwa janye masifar. Magana iri ɗaya, amsa iri biyu.

Mu fa?

Ubangijinmu Yesu, a majami'ar Nazarat, littafin Ishaya ya buɗe, wurin da yake maganar bishara ga matalauta da 'yanci ga waɗanda aka danne, ya ce a ranar nan Nassin ya cika. Da mutane suka tambayi Yahaya Maibaftisma yadda za su nuna tuba, ya ce mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya wuce abin da aka ƙayyade, soja kada ya yi ƙwace ko ƙazafi. Zakka na Yariko, ranar da ya karɓi Yesu a gidansa, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Ba muna cewa gyaran mudu ne yake ceton mutum ba. Ta wurin alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya ga Kristi wanda ya mutu dominmu. Amma ceton da ya shiga gidan Zakka bai bar jakar kuɗinsa yadda take ba.

Don haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, bari mu auna kanmu. Mai sayar da hatsi, mudun da kake saye da shi a ƙauye shi ne kake sayarwa da shi a gari? An bubbuga gindinsa ya shige ciki? Kai da ka ba maƙwabcinka buhu ɗaya da damina sa'ad da yunwa ta matsa masa, buhu nawa ka ɗauka da kaka? Uwargida, yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye da alkawarin makaranta, tana zuwa makarantar? Ku 'yan'uwan mamaci, ina gonar da gidan da ya bar wa matarsa da 'ya'yansa? Ma'aikacin ofis, takardar tsohon nan mai neman fansho tana jiran me a cikin aljihun teburinka? Dattawan ikilisiya, mun sayi sababbin kayan kiɗa, amma mai gadi da mai bishara na ƙauye da malaman makarantarmu, wata nawa suke bin mu?

Wanda Ruhu ya taɓa zuciyarsa, kada ya tsaya ga baƙin ciki kawai. Ya lissafa abin da ya ci, ya je wurin mai shi, ya nemi gafara, ya mayar. In ba zai iya mayarwa gaba ɗaya ba, ya fara da abin da yake da shi. Ku kuma da aka cuta, kuka rasa mai tsaya muku, ku sani kukanku ya kai kunnen Ubangiji. Kada ku ɗauki fansa da hannunku. Ku kawo maganar gaban dattawa, ku nemi hakkinku ta hanyar gaskiya. Ikilisiya kuma ta raka gwauruwa da maraya har gaban mai unguwa ko kotu, kada ta bar su su tafi su kaɗai.

Cikin tsananin maganarsa duka, Amos ya yi ta kiran jama'a su nemi Ubangiji su rayu, ya kuma rufe littafinsa da alkawarin cewa Allah zai tā da gidan Dawuda da ya rushe. Cikin Yesu Kristi alkawarin nan ya cika, ƙofar tuba kuma a buɗe take yau.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allahnmu, mai shari'ar gaskiya, kai kake ganin mudunmu kamar yadda kake ganin baikonmu. Ka gafarta mana inda muka danne hakkin maƙwabci muka zo muna yi maka waƙa. Ka ba mu ƙarfin hali mu mayar da abin da ba namu ba. Ka ta'azantar da waɗanda aka zalunta, ka ba shugabanninmu da alƙalanmu tsoronka, ka ba bayinka masu wa'azi bakin faɗin gaskiya da zuciyar ƙauna. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, kafin mu sake saduwa, ku karanta littafin Amos duka, sura 9 ne kawai. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Salamar Allah ta kasance tare da ku.